Adda Ramatu Ba Ta Taɓa Cewa Wash Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Adda Ramatu, kuma har yau in aka ambaci sunanta a rugarmu ta Bobi, yabo ɗaya ake fara yi: "Allah Ya jiƙan mai fulako, ba ta taɓa cewa wash ba." Da can in na ji haka daɗi nake ji. Yanzu kam raina ne ke ɓaci.

Tun tana budurwa, duk wata in al'adarta ta zo, sai ciwon mara ya naɗe ta. Ta sha jar kanwa, ta ɗaure ƙugu da gyale tamau, ta ɗauki ƙwaryar nono ta hau motar kasuwar Kontagora. Tsofaffi suka ce in ta yi aure zai daina. Ta yi, bai daina ba. Suka ce sai ta haihu. Da ƙyar ta samu 'yarta guda, Halima, tana yaye ta ciwon ya dawo ya fi na da.

Sau ɗaya muka kai ta asibiti, ni da Innarmu. Likitan namiji ne, ga Inna zaune a gefe. Ya tambaye ta yaya jikin. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi." Ya sake tambaya, ta sake faɗa. Ni kuwa jiya-jiya na gan ta a bayan bukka tana amai, ta cusa bakin zane a baki don kada a ji nishinta. Amma wa zai yi zancen jinin al'ada gaban uwa da baƙon namiji? Na yi gum. Aka ba ta farasitamol muka dawo gida.

Bayan shekara biyu hanjinta ya toshe. Likitan da ya yi mata tiyata ya ce ya tarar da hanji da mahaifa da mafitsara duk sun manne da juna. Kwana huɗu ta ƙara a duniya. Na yarda da ajali ɗari bisa ɗari, amma shirun da na yi a ɗakin likita ba kowa ya ɗora mini ba, ni na yi shi.

Yau ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata a nan Kontagora, kuma na san sunan abin: endometiriyosis. Masana na ganin cewa wani ɓangare na jinin al'ada kan koma baya ya zuba cikin ciki, ɗauke da ƙwayoyin halitta irin na shimfiɗar mahaifa. A jikin yawancin mata ana share su. A jikin wasu kuwa sai su kama bangon ciki su liƙe, kamar yadda ƙarangiya ke kama zanen mai kiwo. In sun liƙe sai su jawo jijiyoyin jini su zauna daram. Duk wata su kumbura su yi jini, ga shi babu mafita, sai wurin ya yi tabo, tabon ya haɗe kayan ciki. Ba a gama gano dalilin da ya sa suke kama wata su bar wata ba, amma akwai maganin da ke kwantar da su, akwai kuma aikin da ake yi kafin abin ya yi nisa.

Nakan tambayi kaina me Adda za ta ce in ta gan ni gaban allo ina zana mahaifa. Na tabbata rufe fuska za ta yi ta ce, "Ke Malama, boko ya cinye miki kunya!" Sannan in an watse ta ja ni gefe ta tambaya ko da gaske akwai magani. Haka take, ga kunya ga son sani.

Halima tana hannuna yanzu, shekararta goma sha shida. Watannin baya na lura da gyale ɗaure a ƙugunta a ƙarƙashin rigar makaranta, irin ɗaurin uwarta sak. Na tambaye ta, ta ce, "Ba komai, Yafendo," haka take kirana, ni ƙanwar uwarta. Ban saurare ta ba, washegari muka nufi asibiti.

A hanya na ba ta labarin uwarta duka, har da bakin zanen nan, har da shiruna.

Abin da Adda ta bari ba shirunta ba ne. Ƙarfin zuciyarta ne, wanda ya ɗauki ƙwarya a ka da wuta a mara shekara da shekaru, kuma na gan shi da idona ranar nan. Likita ya ɗago kai ya ce, "Yaya jikin?" Halima ta dube ni, ta dubi ƙasa, sannan ta kwance gyalen ta ajiye a kan tebur.

Ta ce, "Babu sauƙi, likita. Bari in gaya maka daga farko."