Masu gayya a jikin mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ina aikin buga tafireta a sakatariya, muna zaune a Sintali. A lokacin ne aka cire wa mahaifiyata ƙari a mama, likita ya ce ciwon daji ne. Tun da ta dawo gida ta daina cin abinci. Cewa take yi, "Jikin da ya ci amanata, in kuma ciyar da shi?" Na yi lallashi, na yi kuka, har wa'azi na yi mata, ni da ko izu biyu ban haɗa ba. Ta ƙi.

Yayana, wanda muke kira Hamma, yana ƙasar waje yana karatun binciken cututtuka. Ya sa aka aika masa ɗan guntun naman da aka cire. Da damina sai ga shi ya zo, da wani ɗan fim na hoto da bai kai kwalin ashana ba.

Ya zauna bakin gadonta da la'asar, ya ɗaga fim ɗin saitin taga. Ya ce, "Inna, jini yana da mayaƙa masu kashe irin wannan ciwo. Wasu barci suke yi, wasu sun farka. Muna da wani sinadari da ba ya manne wa kowa sai wanda ya farka, ya shafa masa launi. Duk ɗigon ja-jan nan da kike gani, a farke yake."

Ni dai da na leƙa, wallahi faten wake na gani. Inna kuwa ta daɗe tana kallo, hasken rana ya ratso fim ɗin ya sauka a kumatunta, shuɗi-shuɗi da ja. An ɗauke ruwa, indararo na ɗiga a hankali. Ta ce kamar tana kan dutse tana hango gonar babanta, mutane sun bazu cikin kunyoyi sun duƙufa.

"Yanzu haka suna ciki?"

"Suna ciki, Inna."

"Ba wanda ya kira su?"

"Da kansu suka zo."

Can ta juyo ta harare ni. "Ke, ana gayya a gida, kin bar mutane da yunwa? Dama min kunun gyaɗa." Na tashi da gudu har na bar takalmi ɗaya.

Ta ci, ta samu ƙarfin zuwa asibiti, ta ƙara damina biyu tare da mu kafin Allah ya karɓi abinsa. Har yau ina kewarta sosai.

Bayan shekaru na tambayi Hamma, tsakani da Allah, ko mayaƙan nan suna da yawa. Ya ce kaɗan ne, tun ranar ya san ba za su isa ba. Na ce to me ya sa bai faɗa ba? Ya ce, "Ba yawansu ta tambaye ni ba. So take ta ji ko ita kaɗai ce."