Bana Baƙi Ya Shiga Dawar Nomau

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar wana, Nomau. Ya cika ana kiran la'asar, ranar Laraba, cikin kaka, a wata bukka da ya kafa a bakin gona a Wurogauri, wajen Kalgo. Mu uku ne a kansa: ni ƙanensa, da matarsa Hassi, da amininsa Jaɓɓi, Bafillacen da ya ba shi aron gonar. Hassi ta rasu, Jaɓɓi ya rasu, saura ni. Karatuna na allo ne, sai ɗan boko da na tsinta da girma, kuma ban taɓa rubuto wa jarida komai ba. Tsoro ne ya sa na rubuto yau. Zan faɗi dalilinsa, amma sai na jero abin tun daga tushe, don ba na son zance a hargitse.

Mu mutanen Dodoru ne, ƙasar Gwandu. A shekarar babbar yunwa, wadda ta zo gab da yaƙin Turawa na farko, mun cinye abin da ke rumbu, muka cinye iri. Da damina ta kawo kai, babu gidan da ke da ƙwayar shuka. Magidanta suka tafi Kalgo, inda fatake ke sauke hatsin ƙasashen kudu, suka samo dawa, muka shuka. Ta tsiro da kyau, ta yi kara, ta yi ganye. Mutanen da suka binne 'ya'yansu watannin baya suka fara dariya a bakin gona.

Sai ta fid da kai. A gurbin ƙwaya, wasu 'yan ƙunshi ne masu tsini, in ka matsa su fashe, baƙin gari kamar kunkunniya ya ɓata maka yatsu. Burtuntuna ce. Mun san ta tun da, kai ɗaya nan, ɗaya can, a karye a jefar. A wannan shekara sai ka ratsa gona daga gabas zuwa yamma, ka fito rigarka ta yi baƙi. Abin da na fi tunawa shi ne shirun garin. Lokacin da ya kamata a ji turmi ta kowane gida, ba ka jin komai sai kukan awaki.

Ga yadda muke zaɓen iri tun kakanni. Kafin girbi mai gida zai tafi inda shuka ta fi kyau, wato makwantar da shanun Fulani suka kwana da rani, ko gindin gawo, ya yanki manyan zangarniyoyi, ya ɗaure daban, ya rataya a ƙoƙon rumbu. A wannan shekara ma kowa haka ya yi da ɗan abin da ya tsira. Nomau kaɗai ya saɓa. Ya kutsa tsakiyar inda baƙin ya fi muni, ya yi yini yana dube-dube, ya fito da 'yan kawuna ƙanana waɗanda cutar ba ta taɓa ba.

Na ce, "Yaya, wanga ai ko kaza ba ta ƙoshi da shi."

Ya ce, "Babban kai na makwanta, taki ya yi shi, ba iri ba. Wanga kuwa, cuta ta ci na dama gare shi, ta ci na hagu, ta ƙyale shi. Ina so in san ko tsoronsa ta ji, ko mantuwa ta yi."

Da ya tsaya nan, da ba wanda ya kula. Abin da ya yi bayan haka shi ne ya tayar da hankalin gari. Ya karkaɗe baƙin garin nan ya cika gora, ya toshe bakinta da laka, ya ajiye. Da shuka ta zo, ya sussuke 'yan kawunan, ya zuba musu baƙin, ya murtsuke da hannunsa, ya shuka a wani lungun gonarmu. Ina tsaye ina kallo. Ranar Hassi ta hana shi akushi. Ta ce, "Hannun nan ba ya shiga tuwona sai an goge shi da toka. Kai kuma ƙanen banza, kana tsaye kana kallon wanka na shuka mana yunwa." Ta faɗa da wasa irin na matar wa, amma idonta ba wasa a ciki.

Wajen rabin lungun ya yi baƙi. Ya yanke masu lafiya ya ɗaure, ya sake cika gora. Zance ya fita. Aka kira shi ƙofar mai gari da hantsi, garin duka ya hallara. Ban taɓa ganin fuskoki irin na ranar ba. Wani dattijo da ya rasa jikoki huɗu a yunwa ya miƙe ya ce, "Nomau, muna roƙon Allah Ya ɗauke mana abu, kai kana ajiyarsa cikin gora?" Ba na zargin mutanen nan. Iska ba ta san iyakar gona ba, kuma da ni aka tambaya a ranar, da na ce a fasa gorar a rami a binne. Mai gari ya yanke: ko a binne gora, ko a fitar da ita daga ƙasar Dodoru.

Jaɓɓi ne ya raba gardamar. Shanunsa ne ke kwana a gonarmu kowane rani, mu samu taki, shi ya samu kara da harawa. Ya ce yana da wani fili a Wurogauri, tsakiyar makiyaya, nesa da dawar kowa. Ya ce wa Nomau, "Kai Kaɗo, kowa na kiwon shanu, kai ka zaɓi kiwon cuta. To taho, ina da makiyaya. Amma ran da ta haihu, ba ni son ko ɗan maraƙi." Nomau ya ce, "Bafillacen da bai san gaban kalme da bayansa ba, mi ya sani ga noma?" Haka suke, har ranar rabuwa.

Tafiya ce ta kwana a hanya. Daga wannan shekara Nomau yakan yi damina a can, ni in riƙe gandu a gida. Tsarinsa bai taɓa sauyawa ba. Da farko a murtsuke iri da baƙi. Sannan a raba fili biyu, gefe guda a sa takin shanu, gefe guda a bar shi haka. In kai ya fito, a yanke masu lafiya, a fi ba da ƙarfi ga waɗanda suka yi lafiya a gefen da ba taki. Abin da ya gano shi ne taki na ƙara kauri, yana kuma rage ƙudujin da ke shaƙe dawa tun daga saiwa, amma bai hana burtuntuna komai ba. Jaɓɓi ya nuna masa yadda mutanensu ke jiƙa iri da fitsarin shanu kafin shuka. Nomau ya gwada, ya ga yana rage cutar, ya aiko mini in riƙa yi a gonar abinci. A gonar Wurogauri kuwa ya hana. Ya ce in an wanke wa iri cutar, ba yadda za a gane mai ƙarfi.

Sai da aka yi wajen shekara goma. Baƙin yana raguwa, yana raguwa, har ya kai ana murtsuke iri da shi, a girbe gona ba a sami abin cika gora ba, sai an je neman burtuntuna a gonakin wasu. Irin ya koma Dodoru. Mutane suka zo da ƙoƙuna suna karɓa, suka sa wa dawar suna 'yar Nomau. Ba wanda ya tayar da zancen ƙofar mai gari, shi ma bai tayar ba.

Tari ne ya kwantar da shi. A Dodoru an ce baƙin da ya shaƙa ne shekara da shekaru. Ban sani ba, Allah Ya sani. Ranar da zai cika ya sa aka ɗaga asabarin bukka don ya ga gonar. Ya ce mini, "Kada ka daina gwada dawar nan. Ran da ka daina, ba ka san abin da ke cikin rumbunka ba." Jaɓɓi ya ce, "Kaɗo, yi kalmar shahada, bar zancen dawa." Nomau ya yi murmushi, ya yi shahada, ladan ya ɗaga murya daga rugar da ke kusa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan su duka.

Ban daina ba. Kowace shuka ina can, kowace kaka ina can, tsakani kuma Sambo ɗan Jaɓɓi ke duba mini.

Nakan tambayi kaina abin da Nomau zai ce da zai ga noman yau. Ga taki a buhu, fari kamar gishiri. Ga hodar da malaman gona ke rabawa, a gauraya da iri, burtuntuna ta mutu tun ba a shuka ba. Na san ba zai ƙi su ba. Zai shinshina, ya raba fili biyu, ya jira kaka. Ni ma ina amfani da su a gonar abinci, kuma suna aiki, ba zan ɓoye ba. Wani malamin gona, yaro mai ladabi, ya taɓa raka ni Wurogauri. Ya ce a babbar gonarsu ta gwaji haka suke yi, su shafa wa iri cuta da gangan, har ma sukan haɗa wata dawa da wata don 'ya'yan su gaji ƙarfin iyaye biyu. Na ji daɗi, na ce da Nomau na raye, da ya sami abokan hira. Amma ya ƙara da wata magana da ta hana ni sukuni tun daga ranar. Ya ce ita ma cutar iri-iri ce kamar dawa, kuma wadda aka fi ƙarfinta yau, wata 'yar'uwarta na iya tasowa gobe.

Bana na isa Wurogauri kai ya gama fita. Sambo ya tare ni tun a hanya. Yaron nan ya gaji bakin ubansa, bai taɓa ganina bai ce jakina ya fi ni ƙuruciya ba. Ranar ya kama linzami kawai ya ce, "Baffa, taho ka gani da idonka."

Na shiga ta gefen taki, na fita ta gefen da ba taki. Na duba rigata. Rabon da in ga baƙi haka a gonar nan tun shekarun farko, Nomau na raye. Na zauna a kan kunya, na matsa kai ɗaya, ya fashe a hannuna, na ji warin da na manta. Sambo ya ce, "Ko iska ta kawo daga wani wuri?" Na ce ko daga ina ta zo, ta ci 'yar Nomau, kuma abin da nake gudu ke nan.

Ku fahimci inda tsorona yake. A Dodoru da ƙauyukan da ke kewaye gonaki lafiya lau suke bana, domin kowa ya sa hoda. Ba wanda ya ga komai, ba wanda ya damu. Amma rumbunanmu cike suke da iri ɗaya, saboda mun amince da ita har muka saki sauran dawar da iyayenmu ke shukawa. Hoda kuwa daga nesa take zuwa, a mota, ta hannun mutane da yawa. Na gaya wa 'ya'yana, suka ce, "Baba, hoda ba ta yankewa." Su ba su ga shekarar da hatsi kansa ya yanke ba. In aka yi damina ɗaya babu ita, abin da na gani a Wurogauri shi za a gani daga Gwandu har Kalgo, kuma na san abin da ke biyo bayansa.

Na yanki kawunan da suka tsira. Ba su da yawa, kuma duk jini ɗaya ne da waɗanda suka faɗi. Nomau ya yi shekara goma kafin ya sami abin da ya samu. Ni ba na sa ran goma. Ina tari ni ma, ko da yake tsofaffi duk suna tari.

Da can ina zaton dawar ce gadon da ya bar mana. Bana na gane ita ma tana da wa'adi kamar mai ita. Abin da ya rage nasa shi ne tsarin aikin, da zuciyar da ke iya shiga inda kowa ke gudu ta duba. Wannan ba ya zama a rumbu, sai a jikin mutum, kuma mutumin da ya rage ya tsufa.

Saboda haka ina roƙon duk mai karanta wannan, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba. In kana da tsohuwar dawa ta gidanku, kowace iri ce, musamman in ba ka sa mata hoda ba, ka shiga gonarka kafin girbi, ka nufi inda burtuntuna ta fi yawa. In ka ga kai mai lafiya a tsakiyar baƙi, kada ka raina ƙanƙantarsa, kada ka ci. Yanke shi, ɗaure shi daban, ka aiko Dodoru a tambayi gidan Nomau, ko ka kai wa Sambo a Wurogauri, ko ka damƙa wa malamin gonarku ka faɗa masa inda ka samo. Ina kuma neman magidanci ɗaya mai haƙuri, wanda hannunsa ba ya ƙyamar baƙi, ya zo in nuna masa aikin kafin shuka mai zuwa. Ku yi wannan tun dawa tana tsaye. In aka girbe aka sussuka, mai lafiya ya gauraya da sauran, ba mai iya raba su kuma.