Gudun da Na Koya a Wurin Mai Kifi

Shekarun baya can, lokacin da Birnin Kebbi take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ruwa ya cinye mana shinkafa a fadamar Zauro damina biyu a jere. Ina da mata da jaririya, ga mahaifiyata, rumbu kuma ya kusa ƙasa. Sai aka yi shela za a ɗauki gandirobobi. Takardar firamare ta wadatar, amma sai an yi gudu mai nisa, zuwa da dawowa, kuma ashirin ɗin da suka riga isowa su kaɗai za a rubuta. Saura mako biyar.

Ni kuwa ban taɓa gudu haka kawai ba. A wurinmu babba ba ya gudu sai shanu sun shiga gona ko gobara ta tashi. Gudun da na sani ke nan: ka zuba da iya ƙarfinka har ka isa.

Na je wurin abokina, wanda ya yi sakandare a Argungu, shi ma yana neman aikin. Ya ce in rufe baki in yi numfashi da hanci, in shaƙa a taku huɗu, in fitar a taku huɗu. Na rubuta a takarda don kada in ɓata. Bayan kwana biyu ya gan ni ina haki, ya ce, "Kai, buɗe baki mana, kashe kanka za ka yi?" Na ce ai shi ya ce in rufe. Ya ce, "Wancan na gajeren gudu na." Na koma gida ban san wanne ne nawa ba.

Ga kuma wata matsalar. Bayan sallar asuba nake fita, daidai lokacin da dattawa ke tafiya fadama, ni kuma ba zan iya wuce babba ban gaishe shi ba. Sai in tsaya, in cire takalmi, in durƙusa. Kowa tambayarsa ɗaya: "Lahiya? Wa ya rasu?" Wata rana wani maƙwabcinmu ya yar da fartanya ya biyo ni a guje, ya ɗauka wuta ce. In na gama gaisuwa sai in ga na yi asarar lokaci, in kwasa da ƙarfi don in rama, ƙirgen ya rikice, wani abu ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙari. Mako biyu ban taɓa wuce gonakin garinmu ba. Har na fara zargin ciwon zuciya gare ni ake ɓoye mini.

Ranar nan na ci karo da wani dattijo masunci, kwandon ɗanyen kifi a kansa, yana sassarfa zuwa kasuwar Birnin Kebbi kafin rana ta yi zafi. Na sunkuya zan cire takalmi, ya ce, "Tashi, ɗana, kihi ba ya jira. In gaisuwa kaka so, biyo ni."

Na bi shi. Ashe mutum ne mai doguwar gaisuwa. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi ɗan wane ne ni. Da ya gane ya san mahaifina, sai ya bi danginmu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu. Ba a barin babba yana cikin tambaya, don haka na yi ta amsawa. In na ɗan ƙara sauri numfashina ya sarƙe, sai ya ce, "Ba ni jin mi kaka cewa. Rage." Ban ankara ba sai ga gidajen Gwadangaji a gabanmu, dab da Birnin Kebbi.

Na tsaya ina taɓa haƙarƙarina, babu ciwo. Na ce, "Baba, taku nawa kake yi kafin ka fitar da numfashi?" Ya ce, "Ku 'yan boko, numfashin ma ƙirga shi kuka yi?" Ya wuce abinsa.

Da na ba abokina labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce gudun tsofaffi ne, kafin in iso an rufe littafi. Maganarsa ta shige ni. Kwana uku in yi nasa, kwana uku in bi mai kifi. Har ranar gwaji ban yanke shawara ba.

Aka busa usur, kowa ya zuba kamar an koro shi. Tsoro ne ya yanke mini shawara, don na san in na bi su zan faɗi. Na kama sassarfata, ni ne na ƙarshe, ina gaida kaina a hankali ina amsawa don in ji ko numfashina na nan. Can sai na fara tarar da mutane, wani na tafiya, wani na amai. Duk wanda na wuce sai na ce masa sannu.

A hanyar dawowa na iske abokina zaune a bakin hanya, ya dafe gefen cikinsa. Na rage, na ce, "Tashi mu tahi, a hankali." Bai ɗago ba, hannu kawai ya kaɗa. Ban san ko cewa yake in wuce ko in kama shi ba. Na tuna jaririyata, na wuce. Ni ne na goma sha bakwai.

Na yi aikin nan har na yi ritaya, da shi na ciyar da gidana. Abin da na koya bai da yawa: in ba ka iya magana kana gudu, saurin ba naka ba ne. Amma hannun nan bai bar ni ba. Abokina ya shiga fataucin albasa, ya fi ni samu nesa ba kusa ba. Na tambaye shi ya fi sau goma me yake nufi a ranar. Kullum sai ya ce, "Wallahi sauro nika kora." Ni dai ban yarda ba, don a lokacin nan hantsi ya riga ya yi, sauro ya ɓuya.