Amshin da Ban Yi wa Iya Ba

Ni mutum ne mai son kowane abu a mazauninsa. Na daɗe ina aiki a wani babban sito da ke kan titin Wendover Avenue, ina jera kaya bisa lamba, kuma ba a taɓa kama ni da kuskuren jeri ba. Don haka wannan labarin ma zan kawo shi yadda ya biyo juna: kakata tukuna, sannan kaset, sannan matar nan ta ƙasar ƙanƙara.

Kakata ta wajen uba, Iya muke ce mata. A ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi, idan sanyi ya shigo, da an idar da sallar isha'i sai ta jawo kaskon wuta tsakiyar ɗakinta, ta binne gyaɗa a cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ta fi tsokana, don ni ne ba na dariya.

"Maigida," takan ce, "ka ɗaure fuska kamar an hana ka tuwo. Matso nan, miji marar fara'a ma miji ne."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga ta nan bakin ƙofa, ta sha tafiya." Mu kuma mu ce, "A ba ta tabarma mu ji ta." Tatsuniyoyinta da yawa, amma ɗaya ce take maimaitawa kowace shekara.

Wasu 'yan mata ne biyu, ya da ƙanwa, gidansu a bakin gulbi. Turmi ɗaya gare su, kullum lugude suke yi, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi. Aka yi shekarar yunwa, ƙanwar ta ce za ta haye gulbi neman hatsi. Kafin ta tafi suka yi alkawari: kowace yamma yayar za ta fito bakin ruwa da turminta ta yi waƙa, ƙanwar ta amsa daga ƙetare. Gulbi ya ji alkawarin, ya ce muddin amshi na zuwa, shi ba zai wuce gwiwa ba.

A nan ne Iya take rera waƙar. Tana dukan cinyarta da tafin hannu sau huɗu kamar saukar taɓarya, tana kiran sunayen matan gidanmu, daga mahaifiyarta zuwa baya, uwa bayan uwa. Idan ta kai duka na huɗu sai mu ɗauka gaba ɗaya: "Ina nan, Yaya, ruwa bai ci ni ba." Namu ke nan. Nata ɓangaren ba wanda ya damu ya riƙe, tunda tana nan.

Ƙanwar ta sami hatsi, ta sami aiki, ta koyi yaren mutanen can. Wata yamma ta jiyo waƙar tana cikin tankaɗe, ta ce bari ta gama. Washegari baƙi suka zo. Rana ta uku gajiya ta kwantar da ita. Ran da ta sami sukuni ta ruga bakin gulbi ta yi amshinta, amma ba kira, kuma ruwa ya yi faɗin da ido ba ya hango wancan gaɓar. Ta tsaya ta karkata kai tana saurare, har ƙafafunta suka sirance, wuyanta ya yi tsawo. Ita ce zalɓe. Shi ya sa, in ji Iya, ba ka ganin zalɓe yana waƙa, saurare yake yi.

Na taɓa tambayarta ina yayar ta shiga. Ta tono gyaɗa ta miƙo mini, ta ce mai kira ta gama nata, sauran magana tana wurin mai amsawa. Daga nan ta ce tatsuniya ta naɗe tabarmarta, kowa ya tashi.

Yanzu kaset. Lokacin da na tsallako teku na zo birnin Greensboro, waya ba ta kai ƙauyenmu ba, Iya kuma ba ta karatu. Al'adarmu ita ce a ɗauki murya a kaset a ba matafiyi. Kaset ɗaya ne yake kai da kawowa: in ya iso ka saurara, sai ka ɗora amsarka a kansa ka mayar. Kowa haka yake yi, ba wanda yake ganin aibu.

A shekarata ta uku kaset ya iso. Na kunna shi da asuba ina ɗaura takalmin aiki, don kada bas ya wuce ni. Na yi zaton zan ji batun gona da lafiyar gida. Sai na ji Iya ta cika shi da tatsuniyar zalɓe. Tana rera nata, tana yin shiru, tana sake rerawa. Raina ya ɓaci. Ni ina nan sanyi yana tsaga mini hannu, ita tana can tana ɗaukata yaro. Ban ma kai ƙarshe ba na kashe. Ran Lahadi na mayar da shi farko, na danna jan maɓallin ɗaukar murya, na jera saƙonnina, na ba wani mai tafiya gida.

Iya ta rasu da daminar da ta biyo baya. Da aka buɗe akwatinta aka ga kaset ɗin naɗe a cikin kallabi, aka aiko mini. Na kunna sau ɗaya, na ji muryata, na kashe, na jefa shi ƙarƙashin kaya. Ban sake taɓa shi ba.

'Yata ta fari sunan Iya na sa mata, don haka ba na kiran sunan, Ummi muke ce mata. A nan aka haife ta. In na yi mata Hausa rabin amsar da Turanci take zuwa. Tana karatu a jami'ar da ke kusa da gidanmu a unguwar Glenwood, kuma tun bara ta tsiro da son haɗa fim. Na nuna mata ba na so. Da ta ce in raka ta kallon fim ɗin wata mawaƙiya da aka gayyato makarantarsu, na yarda ne don in samo abin da zan kafa hujja da shi.

Matar 'yar ƙabilar Inuit ce, mutanen da ke can ƙarshen arewacin Kanada, inda itace ba ya tsiro, hanyar mota ba ta zuwa, sai jirgin sama. Gajera ce, da zane a haɓarta irin wanda nake gani a fuskar matan Fulani. Kafin a kashe fitila ta ba da tarihinta, Ummi tana fassara mini a kunne inda Turancin ya yi mini sauri.

Ta ce a hannun kakarta ta tashi, a gefen wata fitilar dutse da ake kunnawa da kitsen dabbar teku, nan ake dafuwa, nan ake ba da labari. Da ta girma aka tura ta karatu kudu, ta koyi jin kunyar yarenta. Ta fara waƙa da Turanci a manyan birane, ta yi suna, ana biyanta tana yawo. Tana cikin yawon aka ce mata kakarta ta rasu. Sai ta ajiye komai, ta sayi kamara, ta koma ƙauyensu ta zauna wurin ƙanwar kakar tsawon lokacin sanyi guda. Daga nan ta koma waƙa da yarensu, masu sauraro suka ragu, ba ta fasa ba. Fina-finanta duka a kan tsofaffin garinsu ne.

A cikin fim ɗin na ga tsofaffin mata biyu sun tsaya fuska da fuska, kowace ta riƙe damtsen 'yar'uwarta. Ba kalmomi suke rerawa ba, numfashi ne daga maƙogwaro. Ɗaya ta fitar, ɗaya ta cike gurbin da ta bari, suna ta sauri har wata ta fashe da dariya, ita ce ta faɗi. An ce a da masu wa'azin mishan sun hana wannan wasa, tsofaffi suka ɓoye shi. Ni dai da na rufe ido, lugude na ji. Turmi ɗaya, taɓarya biyu.

Bayan fim matar ta tsaya ita kaɗai ta yi wasan. Ta fitar da nata numfashin, ta yi shiru, ta sake fitarwa. Wani ɗalibi ya tambaye ta me ya hana ta kunna muryar tsohuwar nan, ƙanwar kakarta, a na'ura ta cike mata gurbin. Ta ce tsohuwar ta rasu, kuma gurbin mutum ne ba na na'ura ba, gara mutane su ji girman abin da babu.

Muka iso gida. Muna cire takalma Ummi ta tambaye ni ko Iya tana da waƙa. Na ce ta jira. Na tono kaset ɗin, na sauko da tsohuwar rediyona daga saman kabad, muka zauna gaban hita mai ɗumama ɗaki a falo.

Muryata ce ta fito, muryar saurayi mai ji da kansa. Na farko, a gyara rufin ɗakin Iya kafin ruwa ya sauka. Na biyu, ta rage cin goro. Na uku, a daina ɓata kaset da tatsuniya, ni ba yaro ba ne. Haka na yi ta jerawa har na goma sha wani abu. Ummi ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo. Na kai hannu zan kashe, ta riƙe mini hannu.

Muryata ta ƙare, aka ji ƙarar maɓalli, zare ya ci gaba da juyawa. Ashe saƙona bai kai ƙarshen kaset ba. Sai ga tafin hannu a kan cinya, duka ɗaya, na ƙarshe. Shiru. Sannan muryar Iya, kusa kamar tana ɗakin:

"Ka amsa kuwa, maigida? To, na ji ka."

Kaset ya tsaya. Sai a lokacin na gane shirun da take yi a tsakani. Wuri take bar mini.

Ran Asabar Ummi ta kafa kamararta a falo, ban hana ta ba. Ta ce in rera abin da na sani. Na gaya mata gaskiya: sunayen matan nan sun tafi, na tambayi gida tun tuni, ba mai riƙe da su, kowa amshi ya iya. Abin da ya rage mini shi ne tsawon gurbin, duka huɗu. Na doki cinyata sau huɗu ba tare da murya ba, na yi amshi. Na sake. A karo na uku sai na ji Ummi daga bayan kamara tana saka sunaye a cikin dukan, da Hausarta mai karkata: sunan mahaifiyarta, na mahaifiyata, na Iya. Uku ta samu, duka na huɗu ya sauka fayau.

Na ɗaga hannu na ce ba haka jerin yake ba, daga mahaifiyar Iya ake farowa, kuma muryar ba ita ba ce.

"Baba," ta ce, "ni dai na kira."

Na sauke hannuna. Sannan na ce, "Ina nan, Yaya, ruwa bai ci ni ba."

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga waɗanda suka manta gida, kuma ni ban taɓa sa kaina a cikinsu ba. Rufin ɗaki an gyara, abin da aka nema na aika, ban bar ko ɗaya a jerin ba. Sai yanzu na lura ƙanwar nan ma ba mantawa ta yi ba, aiki ne a hannunta, kuma aikin kirki. Matar ƙasar ƙanƙara ta koma ta tarar da tsohuwa ɗaya a raye. Ni ban tarar da kowa ba, kuma ba gulbi ne ya share sunayen ba, yatsana ne.

Ummi ta ce fim ɗin ya yi kyau. Ban kalla ba tukuna. Akwai wani ɗan tafki da nake wucewa a hanyar aiki, wani lokaci nakan ga zalɓe a bakinsa, ya karkata kai. Ba na son kallonsa, amma kullum sai na duba ko yana nan.