Yohanna da Masu Kalar Gyaɗa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Yohanna, kuma har yau idan kaka ta yi, aka fara tuge gyaɗa, shi nake fara tunawa. Malamin firamare ne a ƙauyenmu, can tsakanin Kunci da Ɗanbatta. Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari shi ne wata tasha a intanet da yake ɗora bidiyo a kai, yana nuna yadda masu hali ke ƙara samu, manoma na ƙara tsiyacewa. Ni ƙanwarsa ce, kuma a hannuna tashar ta faɗo.

Kala ce ta sa ya buɗe ta. A wajenmu, idan mai gona ya gama kwashe gyaɗarsa, abin da ya saura a cikin ƙasa ba nasa ba ne kuma. Tsofaffin mata da waɗanda mazansu suka mutu su ke shiga da fartanya da ƙwarya su yi ta tono. Ba a neman izini, ba a kuma godiya. Da gyaɗar kala wata ke yin mai da ƙulin da za su kai ta bazara. Sai manyan mutane daga birni suka fara sayen gonaki suna haɗe su, suna kewayewa da shingen ƙarfe, su sa maigadi. Babu wanda ya tsaya a kasuwa ya ce an hana kala. Shingen ne kawai ya hana.

Yohanna yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi a lokacin. Duk wanda ya ɗauka a bidiyo, ba ya ɗorawa sai ya koma ya nuna masa. Zai tuƙa kekensa har ƙofar gidan mutum, su zauna a tabarma su kalla tare. In mutumin ya ce a cire wani wuri, ya cire. In ya ce a fasa, ya fasa, ko da ya sha wahala wajen haɗawa. Daga nan sai ya hau tudun bayan makaranta, inda sabis ke kamawa, ya tsaya da waya a sama kamar mai kiran kaji. Ina yi masa tsiya cewa da wannan tafiyar jikokinsa ne za su ga tashar ta girma. Sai ya yi dariya ya ce, "Fuskarsu ce, Rifkatu, ba tawa ba."

Gaskiyata ce ta wani ɓangare, don tashar ba ta girma a hannunsa ba. A hannuna ta girma. Na koma Kano, na koyi yanka bidiyo, na gane abin da masu kallo ke so. Suna son katangar mai kuɗi a gefe guda, bukkar talaka a ɗaya gefen, kuma suna son hawaye. Mabiya suka ninka na zamaninsa nesa ba kusa ba, ana gayyatata taro in yi magana a kan talauci a ɗaki mai sanyi. Komawa a nuna wa mutane kuwa, na daina ba tare da na taɓa yanke shawarar dainawa ba. Hanya da nisa, masu kallo ba sa jira. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yawan mutanen nan. Na san zai yi murna, don shi ma yana son a ji shi. Abin da zai tambaya bayan murnar ne nake gudu.

Bana na je gida lokacin kaka. Wata safiya na bi ƙanwar babanmu, Gwaggo Kande, da ƙawayenta. Ashe akwai wata babbar gona da maigadinta ɗan ƙauyenmu ne, shi ma da ƙulin kala aka raine shi. Bayan an kwashe gyaɗa, sai ya ɗaga ƙasan shingen da sanda ya kau da kai. Na ga mata sa'o'in iyayenmu suna rarrafe da ciki a ƙarƙashin ƙarfe, ƙwarya a gaba, don su tsinci abin da kakanninsu suka tsinta a tsaye. Na yi kuka, amma na ciro waya na ɗauke su a bidiyo. Na san ban taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan ba, kuma na yi niyyar ɗora shi ranar cikar shekara huɗu da rasuwar Yohanna.

Ina haɗa kaya zan koma Kano, Inna ta ga ina ta kallon waya. Ta ce, "Kin nuna musu?" Ba da faɗa ta faɗa ba. Ita a zatonta har yanzu haka ake yi.

Kunya ta kai ni gidan Gwaggo. Ta kalla har ƙarshe, tana ɓare gyaɗa. Ta yi dariya da ta ga ɗankwalinta ya maƙale a shinge. Sannan ta nuna gefen hoton da ɗan yatsa.

"Wannan ai ƙafar maigadi ce. Wancan kuma tankin ruwan gonar. Mai gonar ba ya kallon waya ne?"

Na ce, "Gwaggo, duniya za ta ga abin da ake yi muku."

"To. Su masu ganin, za su zo su ɗaga mana shingen?"

Ta ce in bari sai sun gama kala. Na ce idan an gama fa? Ta ce ai akwai baɗi, kuma yaron nan mai gadin yana da iyali. "Baɗi in ina da rai ki sake tambayata."

Ranar cikar shekarun ta zo ta wuce, tashar shiru. Mabiya suna ta tambaya ko lafiya. Bidiyon yana cikin wayata, ban goge ba, kuma ba zan ɓoye ba, har yanzu raina yana so in ɗora. Na yarda cewa abin da ba a nuna ba, ba ya gyaruwa. Amma abin da ke hana ni sukuni shi ne sauran bidiyoyin da na ɗora a shekarun nan ba tare da na koma ba. Ban san shinge nawa aka ƙara wa ƙarfi ba, ban san maigadi nawa aka sallama ba, ni kuwa ana tafa mini.

Yohanna bai rushe shinge ko ɗaya ba, ni ma ban rushe ba. Abin da ya rage nasa a wurina shi ne wannan tsayawar da hannuna ya sake koya kafin ya danna. Ko wannan rubutun sai da na koma na karanta wa Gwaggo kafin in aiko. Ta sa na cire sunan ƙauyen. Kande ma ba sunanta ba ne, ita ta zaɓa.