Yadda Ƙaramin Ƙarfe Ya Ci Sunan Ɗari

A gidanmu na Ɗanzomo, da an gama kawo amfanin gona, sanyi ya fara shigowa, ɗakin Iya ne mazauninmu bayan sallar isha'i. Iya ita ta haifi mahaifinmu. Takan hura wutar kara a tsakiyar ɗaki, ta zube mana gyaɗa a faifai mu riƙa ɓarewa, don a wurinta tatsuniya ba kyauta ba ce. Wanda ya yi gyangyaɗi, ɓawon gyaɗa zai ji a goshinsa. Ni kuwa "maigida" take kirana, irin wasan kaka da jika, tana cewa ta auri malalacin da ko goro bai taɓa saya mata ba.

Wani dare ƙanwata Hadiza ta taka ludayin Iya ya fashe, ta ɓarke da kuka don tsoron faɗa. Iya ta ce ta share hawayenta, ludayin da ko ɗari bai kai ba. Na yi dariya, domin a lokacin naira ɗari tana sayen akuya. Na ce ai ba a haɗa ludayi da ɗari.

"Ɗarinka daban, nawa daban, maigida," in ji ta.

Ta ce a zamaninsu akwai wani ɗan ƙarfe mai huda a tsakiya, rabin kwabo ne, anini kaɗai ne ƙasa da shi, shi ake kira ɗari. Na tambaye ta yadda aka yi kuɗi ƙanƙane haka ya ɗauki babban suna. Sai ta gyara itace a wuta, ta ce yau babu Gizo babu Ƙoƙi, labarin mahaifiyarta za ta ba mu, kuma da ita aka yi, sai dai tana goye a baya.

Sunan mahaifiyar tata Tasalla. Mijinta ya rasu a shekarar da damina ta yi gardama, ya bar ta da 'ya'ya biyu da rumbun da ake ganin gindinsa. Sana'arta kaɗi. Duk tsawon takabarta tana zaune da mazari da auduga, har ta tara zare mai kauri. Ranar da ta fita takaba, hatsin da ya rage a gidan bai fi na kunun kwana biyu ba. Ta bar babban ɗanta a wurin maƙwabciya, ta goya Iya, ta yi sammako ta bi ayarin masu cin kasuwar Gumel da ƙafa.

A wancan zamani da wuri ake ciniki, wato farin kuɗi. A ƙasa ake zube shi a ƙirga biyar-biyar, kuma mai kuɗi da yawa sai da jaki. Tasalla ta tafi da ƙwarya don ta zubo nata.

Wani masaƙi mai suna Ɗanladi ya duba zaren, ya yaba, suka daidaita a kan ɗari takwas. Ta miƙa ƙwarya. Sai ya sa hannu a aljihu, ya jefa mata 'yan ƙarafa guda takwas, ƙwal-ƙwal-ƙwal. Ta jira ya ci gaba, ya ce ai shi ke nan. Ya fara yi mata bayani cewa sabon kuɗi ne, a gari yanzu shi ake karɓa, amma kunnenta ya riga ya toshe. Abin da take gani kawai shi ne wata huɗu na kaɗi, da 'ya'ya biyu, da gindin ƙwarya. A gaban jama'a ta ce masa ya ga mace ba miji ya cuce ta, Allah ya isa tsakaninta da shi. Kafin ya buɗe baki ta shige cikin taro.

A nan Iya takan dakata, ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta tauna a hankali da sauran haƙoranta, mu kuwa kamar mu fizgo maganar daga bakinta.

Tasalla ta samu gindin wata tsamiya a bakin kasuwa ta zauna tana kuka. Ba ta san da wane ido za ta kalli yaron da ta baro a gida ba, wanda ta yi wa alkawarin tuwo. Kusa da ita akwai wata tsohuwa mai awon gero. Tsohuwar ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta tambaye ta ko mutuwa aka yi. Tasalla ta nuna mata ƙarafan, ta ce har ta yi niyyar watsa su a rijiya.

Tsohuwar ta ɗauki guda ta ɗaga. "'Yar nan, wannan da kike gani ɗari ne. Wuri ɗari cif ke cikinsa. Kawo mayafinki."

Tasalla ta shimfiɗa mayafi, zuciyarta ba ta yarda ba. Tsohuwar ta karɓi ƙarfe ɗaya ta auna mata gero, ta karɓi na biyu ta sake aunawa. Kafin a kai na shida, tulin ya fi abin da ta taɓa sa rai. Iya ta ce mahaifiyarta ta cusa hannu cikin geron har wuyan hannu, ta ji sanyinsa, sai ta zauna daɓas tana dariya hawaye na zuba. Daga irin wannan ciniki sunan ya kama: mutane ba su san sunan da Bature ya ba ƙarfen ba, sun dai san yana madadin wuri ɗari, suka kira shi ɗari. Wuri ya ɓace daga kasuwa, suna ya zauna.

Mu yara mun ɗauka labari ya ƙare, Iya ta ce saura mai nauyin. Ana cikin ɗaure geron Tasalla ta tuna abin da bakinta ya furta. Ayarin garinsu na shirin tafiya, rana ta karkata, amma ta bar kayanta a wurin tsohuwar ta koma. Ta tarar da Ɗanladi zaune inda ta bar shi, furar da ya saya tana gabansa bai sha ba, zaren ma bai sa a jaka ba. Ta durƙusa ta ce ta janye, ya yafe mata. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce tun ɗazu yake aika a nemo ta, don bai san yadda zai kwana da Allah-ya-isan uwar marayu a kansa ba. Daga ranar, har ta daina kaɗi, shi ke sayen zarenta.

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin tarihin kuɗi kawai. Sai shekarun baya, na je kasuwar Maigatari ranar Alhamis da ragowar sefa, kuɗin Nijar, a aljihu, na tambayi kuɗin cuku, busasshen nonon nan, a wurin wata dattijuwa daga wajen Damagaram. Ta ce ɗari. Na ba ta sefa ɗari, ta mayar mini, ta ce wannan ai ashirin ne. Raina ya ɓaci, na ji kalmar "cuta" ta hau kan harshena, ga mutane a tsaye. Ban san abin da ya riƙe ni ba, sai na ji na ce, "Baba, yaya lissafin naku yake?" Ta yi murmushi, ta ce su da dala suke ƙirga, kowace dala sefa biyar ce, ɗarinsu kuwa sefa ɗari biyar ke nan. Ko sisi ba ta ƙara mini ba.

A mota a hanyar Gumel na yi ta jin wani sauƙi a ƙirji, wanda ya fi ƙarfin cinikin cuku. Tasalla ta yi sa'a ta tarar da masaƙinta bai tashi ba. Ni da na faɗi abin da ya zo mini, dattijuwar nan da yamma za ta tsallaka iyaka da maganata a ranta, kuma ban san ƙauyen da zan bi ta in nemi gafara ba.