Na Kasa Ce Wa Surukina Ya Tsaya

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne ɗan Bodinga da bai daɗe da dawowa daga ƙasar Sifaniya ba, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Shekarun da na yi a can duk a gonakin da ake rufewa da leda na yi su, ina tsinkar tumatir da tattasai, amma ba haka nake faɗa a gida ba. Sifaniyancin da na iya na shugaban lebura ne: yi sauri, ɗauki kwando, kawo ruwa, tsaya, sake. Da shi nake burga a teburin mai shayi, in jefa kalma ɗaya a tsakiyar hira in yi kamar suɓutar baki ce, samari su yi ta kirana Baturen Bodinga ina jin daɗi.

A wannan shekarar na auri 'yar wani dattijo mai goge daga Horo Birni. Da damina manomi ne kamar kowa, yana da gonar gero da 'yan awakinsa, da rani kuma a kira shi biki ko suna. Duk wanda ya taɓa jin gogensa ya san Allah ya yi masa baiwa, amma kun san yadda mutanenmu suke da mai goge: a ji daɗin kiɗansa yau, gobe a raina shi. 'Ya'yansa maza babu wanda ya yarda ya gaje shi. Matata ta gaya mini tun tana ƙarama ake yi mata gori da sana'ar mahaifinta, har ta kan canza hanya in ta hango shi da gogen a kafaɗa. Shi kuwa bai taɓa yin ƙorafi ba. Ni Baba nake ce masa, kuma ina yi masa irin kunyar da aka san suruki da ita. Tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci a gabansa, maganarmu ba ta wuce gaisuwa da tambayar gona.

Ana nan sai ga wasu makaɗa 'yan Sifaniya sun zo Sakkwato a wani shirin musayar al'adu. Suna neman mai goge da zai yi kiɗa tare da su a wani babban taro a Abuja. Aka yi musu jagora har Horo Birni, Baba ya yi musu kiɗa a gindin bishiya, shugabarsu, wata mata mai furfura, ta ce ba ta buƙatar jin kowa bayansa. Sai batun tafinta ya taso, don Turancinta kaɗan ne, Baba kuwa ko kaɗan ɗin ba shi da shi. Bodinga gaba ɗaya ta nuna ni. Matata ta yi murnar da ban taɓa ganin ta yi ba, tana cewa yau masu yi mata gori za su ga mahaifinta a talabijin, kuma mijinta ne zai zama bakinsa. Baba ya sayar da bunsuru ya ɗinka babbar riga. Ni kuwa ban tsaya na tambayi kaina ko na san harshen makaɗa ba, balle in tambayi kaina yadda za a yi in riƙa ba surukina umarni.

An kama wani ɗakin taro a nan Bodinga don kada a wahalar da dattijo da tafiya. Makaɗan suka zauna a jere, kowa da takardar kiɗa a gabansa, wasu da gogen Turawa, wasu da abin busa. Shugabar ta tsaya a gaba da wani siririn tsinke a hannu. Ta ce mini abin da za a yi ensayo ne, wato gwaji kafin ranar taro, kuma gwajinsu ba kamar namu ba ne. Za a fara, a tsaya, a koma baya, a gyara, a sake farawa, har sai kowa ya san inda zai shiga da inda zai yi shiru. Wannan kam na gane. Daga nan ta shiga zuba wasu kalmomi da ban taɓa ji a gonar tumatir ba, irin su compás da afinar da calderón, ni kuma ina ta gyaɗa kai kamar ni na ƙirƙiro su. Amma kada in yi muku ƙarya ta biyu: kalmar para, wato tsaya, da otra vez, wato sake, na san su fiye da sunana, don da su aka yi ta daka mini tsawa a can.

Aka fara kiɗa. Baba ya shafa ƙaro a izga, ya lumshe ido, ya ja gogen, tsigar jikin kowa ta tashi. Ana cikin haka shugabar ta sauke hannu, makaɗanta suka yi tsit a lokaci ɗaya. Baba bai tsaya ba. A wurinmu, in sauran makaɗa suka yi shiru, fili ne suka bar wa gwani ya nuna abin da ya iya, don haka sai ma ya ƙara himma. Ta juyo ta ce in gaya masa ya tsaya. Na matsa kusa da shi na durƙusa. Ni, mijin 'yarsa, in ce wa mutumin nan tsaya, a gaban baƙi, yana tsakiyar kiɗa? Abin da ya fito daga bakina shi ne, Baba, ta ce sannu da ƙoƙari, suna jin daɗi. Ya gyaɗa kai ya ci gaba. Na koma wurinta na ce ai haka al'adarmu take, dattijo ba ya yanke kiɗa a tsakiya.

Da haka na shiga ramin da na kasa fita. Duk lokacin da ta ce a tsaya, in je in kai masa yabo. Ta ce a sake daga farko, in ce masa tana so ta ƙara jin wancan mai daɗin. Da farko matasan cikinsu murmushi suke yi, daga baya suka koma kallon agogo da kallon juna. Akwai ranar da ta zo har gabansa ta yi doguwar magana, tana nuna takarda, tana nuna shi, tana dafa ƙirjinta, tana maimaita calderón. Ban fahimci komai ba. Da Baba ya dube ni, sai na ce tana tambayar lafiyar iyali ne. Ya ce a gaya mata kowa lafiya, ya gode. Kuma duk wannan abin ina ɗaukarsa a wayata, don in nuna wa abokai yadda nake mu'amala da Turawa.

Ranar ƙarshe ta kira ni gefe. Ta ce zuciyarta ba ta so, amma ba za ta iya hawa dandamali da mutumin da ba ya tsayawa ba, ga lokaci ya ƙure. Sai ta dube ni ta tambaye ni ko na tabbata ya fahimci abin da take nema. Allah ya buɗe mini ƙofa a wannan lokacin, ni na rufe ta da hannuna. Na ce ya fahimta sarai, ƙi kawai ya yi. Wannan ita ce maganar da har yau in na tuna ta nake jin kamar in nutse. Na ɗora wa bawan Allah taurin kan da bai yi ba, don kada a ce Baturen Bodinga bai iya aikinsa ba. Suka tafi suka samo wani matashin mai goge a birni. Ni kuma na je na ce wa Baba an ɗage taron sai wani lokaci. Ya ce Allah ya kai mu, ya ninke rigarsa ya ajiye.

Ƙarya ba ta daɗe ba. Wata ranar kasuwar Dandin Mahe ya je sayar da akuya, wani ya nuna masa bidiyon taron a waya, ga matar mai furfura, ga makaɗanta, ga wani yaro zaune a kujerar da aka ce tasa ce. Ya koma gida ya rataye gogen a bango. Aka riƙa zuwa kiransa biki yana cewa ba ya jin daɗin jikinsa. Da matata ta matsa masa, sai ya ce mata waɗanda suka san kiɗa sun saurare shi sun ga bai kai ba, ashe shekarun nan duk mutanen ƙauye yake ruɗa da hayaniya. Ta dawo gida tana kuka tana zagin Turawan da suka wulakanta mata uba, ni ina zaune ina taya ta. Haka na ci gaba da ɓoye gaskiya har damina biyu suka wuce.

Abin da ya karya ni wayar nan ce. Na tura bidiyon gwajin ga wani abokina da har yanzu yake Sifaniya, ya kai wa wata maƙwabciyarsa mai koyar da kiɗa, suka bi shi kalma bayan kalma. A nan na san compás shi ne gaɓar da suke ƙirga kiɗa da ita don kowa ya san inda aka kai, afinar kuma daidaita sautin kayan kiɗa ne. Calderón alama ce da ke nuna a dakata a wuri ɗaya, ba a ci gaba sai an ba da izini. Doguwar maganar da na mayar gaisuwar iyali, ga abin da take cewa: ta ware masa wuri a tsakiyar kiɗan inda kowa zai yi shiru, shi kaɗai zai ja gogensa iya son ransa, ba wanda zai shigo sai ya ɗaga kai. Abin da take roƙo kawai ya tsaya a wurare kaɗan kafin nan, don su isa wurin tare. Ta kuma ce a gaya masa ba ta taɓa jin hannu irin nasa ba.

Matata na fara gaya wa. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ɗauko takalmana ta ajiye a gabana ta ce hanyar Horo Birni ba ta ɓace mini ba. Na same shi a inuwa yana tufka igiyar awaki. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga sannu da ƙoƙarin farko har ƙaryar ɗage taro. Ya ajiye igiyar a gefe. Sannan ya ce shi da kara aka koya masa goge, maigidansa kan buge masa hannu ya tsayar da shi sau da yawa a waƙa ɗaya, kuma wanda bai iya tsayawa ba ai bai iya kiɗa ba. Ya ce ya lura da yaran nan suna dariya a ɗakin gwaji, jikinsa ya ba shi akwai wani abu, amma tunda ɗansa ne ya ce daɗi suke ji, sai ya gaskata ɗansa. Daga nan ya ɗago ya dube ni, karo na farko da muka haɗa ido tun da na auri 'yarsa.

"Ɗana, da ka ce min tsaya, da na tsaya. Kunyar da kaj ji, ni kab bar ma ita."

Na kunna masa bidiyon na fassara masa maganar matar yadda take. Da na kai wurin da ta yabi hannunsa, ya ce in mayar baya ya sake ji. Na roƙe shi ya sauke gogen, na ce ni zan nemo sabuwar fata tunda ta jikin gogen ta tsage. Sai ya miƙo mini yatsunsa ya nuna yadda suka ƙage, ya ce hannun da aka bari ya kwanta a irin shekarunsa ba ya tashi. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. Amma bai sake kiɗa ba.

Na rubuto ne don masu irin halina. In an ɗauke ka ka zama bakin wani, ka sani amana ce, kuma kowace sana'a da harshenta. Iya cinikin kasuwa ko hirar gona da wani yare ba shi ne iya maganar makaɗa ko ta likitoci ba. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, a maimaita maka. In kuma wanda za ka yi wa tafinta mutum ne da ba ka iya gaya masa magana mai nauyi, ka janye tun farko a nemo wani. Na ɗauka girmama Baba nake yi, ashe kaina nake karewa, na bar shi yana ta kiɗa shi kaɗai a gaban baƙi. Yanzu kalmomin nan duk na haddace su, babu wadda ban san ma'anarta ba. Duk lokacin da muka je gaishe shi, ɗana kan nuna gogen da ke rataye a bango ya tambayi kakansa yaushe zai kaɗa masa, shi kuma ya ce sai wata rana. Ni ne kawai a ɗakin nake sunkuyar da kai.